Shekarun Ƙwallon Usaini

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mini ɗan'uwana da rai bayan mun fara cire tsammani. Ni ba marubuciya ba ce, masa nake soyawa a Yelwa, hannuna ya fi sabawa da tanda da ludayi. Amma tun da muka baro asibiti ake tare ni a bakin rumfa. Wannan ya ce ya ji an ce jifa aka yi wa Katanga, wancan ya ce a'a, a ƙasar waje aka zuba masa wani abu a abinci. Ina ba da amsa, masa tana ƙonewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta, musamman don matan da Allah ya haɗa da ɗan ƙwallo a gida, miji ne ko ɗa ko ƙane. Usaini ya san ina rubutawa. Ya ce in rage wasu wuraren, ni kuwa ban rage ko ɗaya ba.

Sunana Hassana. Usaini, wanda 'yan kallo ke kira Katanga saboda tsaron baya yake yi, abokin tagwaicina ne. Ciki ɗaya muka kwanta, rana ɗaya Inna ta haife mu, ni na riga shi faɗowa duniya. Lokacin da ciwon nan ya kama shi shekarata arba'in da ɗaya. Shi kuma talatin da biyu.

Kada ka koma ka sake karantawa, daidai ka gani. A harkarsu ana ce wa wannan shekarun ƙwallo. An fara yanke masa ne lokacin da aka kira shi ƙungiyar matasa ta ƙasa, wai in ya faɗi na gaskiya ko benci ba zai gani ba. Da zai fara fita waje, ejan ɗinsa, wato dillalin da ke nema masa ƙungiya, ya ƙara zaftare wasu. Tun daga nan na tashi daga abokiyar tagwaici na koma babbar yaya. In baƙi suka zo, Inna kan harare ni tun kafin in buɗe baki, ta ce, "Kul, kada ki zubar masa da abinci." Har sunan nasa ya so ya tona mu, don duk Bahaushe ya san in an ce Usaini to akwai wanda ya riga shi fitowa. In an tambaye shi sai ya ce sunan kakanmu ya ci.

A ƙwallo Usaini bai yi irin sunan da yara ke bugawa a bayan riga ba, bai kuma taɓa zama wuri ɗaya har ya san maƙwabtansa ba. A nan gida ya buga wa ƙungiyoyin da ni kaina na daina ƙirgawa. Daga nan Sudan, daga Sudan Jamhuriyar Benin, sai Oman, sai Albaniya inda sanyi ya koro shi da tari da wata ƙatuwar rigar gashi da har yau ba a samu ranar saka ta a Bauchi ba, sai Bangladesh. Kakar wasa ɗaya, in ta yi kyau biyu, sai ka gan shi yana saukowa daga keke da jakarsa. Babbar ƙungiyar ƙasa kuwa sau ɗaya ta kira shi, wasan sada zumunta. Ranar muka cika falon maƙwabcinmu, Inna da carbinta a gaban talabijin. Ya sha zaman benci har muka fara hamma. Ana dab da tashi muka ga ya miƙe yana cire rigar sama, ya tsaya a bakin layi, sai aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta an busa tashi. Koriyar rigar da ya sa ranar tana nan rataye a ɗakin Inna cikin ledar wanki da guga, amma a gidanmu ba wanda ya ga ya taɓa ƙwallo a cikinta.

Ga abin da nake so a gane. Mai yawon ƙungiyoyi irin Usaini, duk inda ya je sai likitan ƙungiya ya duba shi kafin a sa hannu a kwantiragi. Medikal suke ce masa, kuma cinsa ake yi kamar jarrabawa. Wata rana yana zaune a rumfata yana cin masa da miyar taushe, ya koya wa ɗaliban jami'a yadda ake yi, suna ta dariya. Ya ce tun daga ƙofar mota za ka daidaita tafiyarka, don ba ka san wanda ke leƙe ta taga ba. In likita ya murɗa maka gwiwa, ka yi masa murmushi. Ina ke ciwo? Babu. Ka taɓa karaya? Babu. Kana shan wani magani? Babu. "Likita ai mai gadi ne," in ji shi, "ba hira ka je yi da shi ba, wucewa za ka yi." Ni ma na yi dariya ranar, ina juya masa a tanda.

Ya dawo daga Bangladesh ba ƙungiya. Ejan ɗin nasa, wanda nake kira Alhajin Waya don muryarsa kaɗai muka sani, ya yi masa alkawarin gwaji a wata ƙasar Larabawa bayan babbar sallah. Usaini ya san wannan ce ta ƙarshe, in ta wuce ba wata. Ga mata, ga yara, ga ginin da ya tsaya a linta a filinsa na Gubi. Kullum da asuba sai ya ɗauki jaka ya tafi barikin Shadawanka yin tirenin da sojoji.

Matarsa Rabi ce ta fara lura. Ta zo rumfa ta ja ni gefe ta ce, "Yaya Hassana, takalmin ƙwallonsa ya daina shiga. Kuma in ya tashi da safe idanunsa kamar wanda ya kwana yana kuka." Na je na gan shi. Na danna masa ƙwauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya fizge ƙafarsa ya ce ƙiba ce, masata ce ta jawo masa. Maganin ƙiba kuwa a wurin ɗan ƙwallo sananne ne. Ya rage abinci, ya rage shan ruwa, ya riƙa ɗaura leda a ciki ƙarƙashin riga yana gudu cikin rana don ya yi zufa. Lokacin ba mu san ƙoda ce ba, amma ko ni da ban yi nisa a boko ba na san ƙiba ba ta farawa daga fatar ido.

Mako na biyu dangi suka shigo, kowa da asibitinsa a baki. Gwaggo ta ce shawara ce. Wata maƙwabciya ta ce sanyin Turai ne bai gama fita ba. Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, ya ce duk a yi shiru, ƙafar ɗan ƙwallo ba ta kumbura haka kawai, wani ne mai son lambarsa ya ɗebi sawunsa. Ya kawo jiƙo cikin jarka, baƙi ƙirin, ya ce safe da yamma. Na ce asibiti fa? Ya ce, "Ke Hassana, ba a hana ki ba, amma abin da ke damunsa ba na allura ba ne." Sai da na yi kuka a gaban Inna sannan ta sa baki, Usaini ya yarda zai bi ni, wai don in bar shi ya sarara.

A keke yana jingine da ni yana nishi. Muna sauka a ƙofar babban asibiti sai na ga mutum ya miƙe tsaf, ƙirji a gaba, yana taku kamar za a ɗauke shi hoto. Gari bai gama wayewa ba amma layi har ya lanƙwasa. Layin kati daban, layin biya daban, layin awon jini daban, kuma ba mai gaya maka wanne ne farko sai ka kai gaba a ce ka koma baya. A teburin kati nas ta ce shekara nawa, ya ce talatin da biyu. Na buɗe baki, ya take mini ƙafa. Nas ɗin ta ɗago ta dube ni, ga ni da zanen aiki duk hayaƙi, ta ce, "Mama, ɗanki ne?" Wallahi da ba a asibiti muke ba da ta ji amsa.

Da muka isa ɗakin likita Usaini ya hana ni shiga, wai maganar maza ce. Bai jima ba ya fito yana murmushi ya ce, "Na ci."

Na ce, "Ka ci me?"

Ya ce likita ya ce jininsa ya hau, shi kuma ya gaya masa tsayuwar layi ce ta jawo. Sai daga baya na ji ashe an rubuta masa gwajin jini da na fitsari, aka ce ya yi su a ranar, shi kuwa ya bi ta wata ƙofa ya fito, don kada wani abu ya bayyana ya kai kunnen Alhajin Waya. Kai ka ce ejan da ke wata uwa duniya yana da ɗan rahoto a ɗakin gwaji. Na yi asarar cinikin yini guda, muka dawo da maganin hawan jini da bai sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Daga nan abu ya riƙa gaba. Amai, ƙaiƙayi har yana goga bayansa da bango, shaƙuwar da ba ta tsayawa ko yana sallah. Rabi ta ce fitsarinsa kumfa yake kamar ruwan wanki. Duk da haka asuba na yi zai ɗauki jaka. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah da Annabi, ya ce in bari a wuce sallah. Ina tsakar ciniki wata safiya aka kira ni da lambar da ban sani ba. Wani soja ne, Saje Bitrus, wanda suke tirenin tare. Ya ce, "Hajiya, Katanga ya faɗi a fili, muna hanyan asibiti, ka zo yanzu yanzu." Na bar tanda a kan wuta, mayafina ma a cikin keke na gyara shi.

A ɗakin gaggawa babu gado, a kan benci aka fara duba shi. Safar hannu kai za ka saya, sirinji kai, auduga kai, kuma kowanne a taga daban. Ba don kakin Saje Bitrus ba ban san yaushe za a waiwaye mu ba. Na gode masa, amma abin ya tsaya mini a rai, don matar da ke kwance a gefenmu ba ta da soja.

Washegari aka mayar da mu sashen masu ciwon ƙoda. Likitar wurin mace ce, siririya, ba ta ɗaga murya. Ba zan faɗi sunanta ba don ban nemi izininta ba, amma kullum tana cikin addu'ata. Ta ce akwai wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, kiretinin ake ce masa, nasa ya hau ya wuce misali. Wannan kalma ta zauna mini a kai, na kwana da ita na tashi da ita. Ta ja kujera ta zauna ta fara tambayarsa. Ina tsaye a kansa ina jin karatun nan na rumfata yana dawowa daki-daki. Ina ke ciwo? Babu. Ka taɓa doguwar jinya? Babu. Kana shan wani magani, ko da na ciwon jiki ne?

"Ni ɗan ƙwallo ne, Likita," in ji shi, "ba na shan komai. Ina fit."

Mutum kwance, fuska kamar an hura, yana shaƙuwa tsakanin kalma da kalma, wai yana fit. Maganar shekaru na san ƙarya ce, amma ban ga haɗinta da ƙoda ba. Maganar magani kuwa na ɗauka gaskiya ya faɗa.

To likita da abin da aka gaya mata za ta yi aiki. A gabanta ga matashi ɗan talatin da biyu, mai motsa jiki, ba ciwon suga, ba ya shan komai, amma ƙodojinsa sun durƙushe. Sai ta shiga neman cututtukan da ba a cika gani ba. Yau gwaji, gobe hoto, jibi a ce wannan ba a yinsa a nan sai an aika wani gari. Kuɗi ba zan lissafa ba, kada jinina ni ma ya hau. Abin da zan ce kawai, motarsa ta tafi, ɗan kunnen Rabi ya bi ta, daga baya filin Gubi da ginin da ke kansa. Aka fara masa wankin ƙoda. Injinan ba su da yawa, masu jira kuwa kamar tashar mota ranar jajibirin sallah. Ranar da layi ya zo kanka sai a ce inji ɗaya ya lalace, ko ba ruwa, ko robar da ka sayo ba irinta ba ce. Da aka nemi jini, sojojin da yake tirenin da su ne suka zo a mota guda suka bayar. Masu ihun Katanga a filin wasa kuwa sun zo, sun ɗauki hoto da shi a kan gado, sun tafi. Wani a cikinsu ya sa hoton a waya ba bayani, washegari sai ga mutane a ƙofar Inna sun zo ta'aziyya.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai, in an wanke shi sai ya ɗan warware, kafin a zagayo kiretinin ya sake hawa. Likita ta kira ni waje ta ce, "Hajiya, akwai abin da ke ci gaba da dukan ƙodar nan, kuma ba daga wurinmu yake ba. Me kuke kawo masa daga gida?" Nan take jarkar Baffa ta faɗo mini. Ban tsaya tambaya ba na hau keke na same shi a ƙofar gida cikin abokansa, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa ƙanen uba. Ya bari na gama, ya rantse mini tun da aka kwantar da Usaini ko ɗigo bai aika ba. Gaskiyarsa kuwa. Na koma asibiti da kunya a kan haushi.

Tun kwanakin farko Usaini ya sa Rabi ta kawo masa jakar takalmansa. Ya ajiye ta a gefen filo, ba ya bari a taɓa. Mun ɗauka kewa ce, har tausayi ya ba mu. Wata safiya ma'aikaci ya riƙe shi zuwa bayi, na ce bari in kakkaɓe zanen gado kafin ya dawo. Ina ɗaga jakar ta suɓuce ta faɗi, na ji wani ƙwaras-ƙwaras da ba na takalmi ba. Na zuge. Doguwar safar ƙwallo ce cike da sacet-sacet na ƙwayar kashe ciwon jiki, wasu an ɓalle, wasu sababbi. Ba ƙwayar maye ba, irin wadda kowane kemis ke sayarwa, irin wadda ni ma nakan sha in bayana ya riƙe.

Ya dawo ya same ni da safar a hannu. Na ce, "Usaini, mene ne wannan?"

"Gyaɗa ce," ya ce. Wai haka suke ce mata a ɗakin sa kaya.

"Likita ta tambaye ka kana shan magani, ka ce babu."

"Ai ba magani ba ne, Hassana. Kowa na sha. Kafin wasa ka watsa, bayan wasa ka watsa, in babban wasa ne a yi maka allura. Gwiwar nan ta daɗe da mutuwa. In ban sha ba ko bayin nan ba zan iya zuwa ba. Kuma in ta ga ina ɗingishi rubutawa za ta yi."

Na ce, "Ta rubuta wa wa?"

Ya kama wuyan hannuna, hannunsa sanyi ƙalau. Ya ce, "Don Allah, don darajar Inna. Sallah ta kusa. In aka rubuta gwiwa aka rubuta ƙoda, na gama. Ban iya komai ba sai wannan, kin sani. Me zan ba yaran nan?" Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci guda kamar ranar ba. Na so in mare shi, na so in goya shi.

Muna haka Likita ta shigo zagaye da ɗalibanta. Na mayar da hannuna baya da safar. Ta duba sakamakon safiyar, sannan ta ce gara mu fara sani tun yanzu, in ƙodojin ba su farfaɗo ba maganar dashe za a yi, kuma an fi son na jini. Ta dube ni ta ce, "Yaya kuke da shi? Yayarsa ce ke?"

Usaini ya kafe ni da ido. Yau yana kwance, ba ƙafar da zai take ni da ita.

Na ce, "Tagwaye ne mu, Likita."

Ta dubi katinsa, ta dube ni, ta sake duban katin. "Shekarunki nawa?"

"Arba'in da ɗaya. Shi ma haka, sai dai in bayan na fito ya zauna a ciki ya ƙara shekara tara."

Wani ɗalibi ya fara dariya ya haɗiye. Na zazzage safar a kan gado.

Ba ta yi faɗa ba, ni da na so ta yi. Ta sallami ɗaliban, ta ja labule, ta zauna. Ta ce, "Malam Usaini, wa kake ɓoye wa?" Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, in ta rubuta ƙungiya ba za ta ɗauke shi ba. Ta ce, "Nan ba ƙungiya ba ce. Ba ni da kwantiragin da zan ba ka, ba ni da wanda zan hana ka. Ba mai karanta abin da na rubuta sai mai son ka rayu. Tun yaushe kake sha?" Bai ƙirga da shekara ba. Ya ce, "Tun Sudan." Sai ya juya fuskarsa bango.

A waje ta yi mini bayani. Ta ce irin wannan ƙwaya, in aka yi shekaru ana watsa ta haka, a hankali take cin ƙoda ba a sani ba, ga hawan jinin da ba a kula da shi ba, ga hana kai ruwa, jiƙon ma bai taimaka ba. Ta ce har shekarun da na raina suna da amfani, don da su ake auna sakamakon gwaji. Da ta san gaskiya tun ranar farko, da rabin gwaje-gwajen nan ba a yi su ba. Na tuna filin Gubi, na zauna a ƙasa a barandar asibiti ban san na zauna ba.

Usaini ya daina yi mini magana. In na shigo ya rufe ido. In na kawo abinci sai Rabi ta ce ita ta dafa sannan ya ci. Inna ma ta yi fushi, ta ce na tona masa asiri a gaban yara ƙanana. Na ce, "Inna, da mun ci gaba da rufawa, da shi za a rufe." Ta yi kuka, ni ma na yi, amma ban janye maganar ba. Alhajin Waya kuwa, da Rabi ta gaya masa halin da ake ciki, ya ce Allah ya sawwaƙe, daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Sai bayan sallah ya kira da kansa, ba don ya yi sannu ba, wai ko Usaini ya san wani yaro mai tsaron baya da za a iya cewa shekararsa sha takwas. A cikin ƙungiyoyin nan duka, na gida da na waje, da ya bar musu gwiwarsa, ko ɗaya ba ta aiko da gaisuwa ba.

Da aka raba shi da gyaɗar tasa, kiretinin ya fara sauka, kaɗan-kaɗan kamar mai jin nauyi. Aka riƙa tsawaita tsakanin wanki da wanki, har aka dakatar. Likita ba ta yaudare mu ba. Ta ce abin da ya mutu ba zai dawo ba, wanda ya rage lallaɓa shi za a yi. Ba gishiri, ba maganin ciwon jiki sai wanda ta rubuta, asibiti duk wata, ƙwallo kuwa sai dai a talabijin. Maganar dashe an ajiye ta, ba a binne ba. Tawa ƙodar tana nan, na gaya masa ko yana magana da ni ko ba ya yi.

Ranar sallama na biyo shi a baya da bokiti da fulas. Daga ɗakin jinya zuwa bakin titi ya tafi yana jan ƙafar hagu, yana dafa bango, yana tsayawa ya huta. Ba ciwon ƙoda ne ya sa shi haka ba, gwiwar ce ba gyaɗa. Ashe shekara da shekaru ban taɓa ganin tafiyar ɗan'uwana ta gaskiya ba. Na rage sauri don kada ya juyo ya ga fuskata.

Don haka ke mai ɗan ƙwallo a gida, ki riƙa zuge jakarsa. In ya ce miki ƙiba ce, ki danna ƙwaurin. In za a shiga wurin likita kada ki yarda a bar ki a waje, ko da zai yi wata bai gaishe ki ba, don ba da gangan yake ƙaryar ba, sana'arsa ce ta koya masa har ta zame masa jiki. Masu ba yaran mutane allura su tura su fili, da masu yanke musu shekaru su ci lada, na bar su da Allah, ban yafe ba tukuna. Likitarmu, da Saje Bitrus da mutanensa, da Rabi da ta yi ta wanke amai ba ta taɓa yamutsa fuska ba, Allah ya saka musu da abin da ba mu iya ba. Baffa na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya yafe, ya kuma ƙara da cewa shi har yanzu bai cire ɗiban sawu ba.

Watan jiya ina soya sai ga keke ya tsaya a bakin rumfa. Usaini ne a ciki. Tun ranar safar nan, in ban da sannu da yauwa, ba abin da ya haɗa mu. Ya ce, "Hassana, sauke tandar nan ki raka ni." Ban tambayi ina ba, na ɗauki mayafi.

A asibiti aka nemi katinsa sama da ƙasa aka rasa, abin da ba zai ba wanda ya san wurin mamaki ba. Aka ce sai mun buɗe sabo. Muka bi layi, muka iso gaban wata nas da ba mu sani ba. Ta ce suna, ya faɗa. Ta ce shekaru. Ban san lokacin da na janye ƙafata gefe ba.

"Arba'in da ɗaya," in ji Usaini. Ya nuna ni da haɓa. "Tare muka zo da wannan."

Nas ɗin ta ce, "Ai na gan ku tare."

Ya ce, "A'a, duniyar nake nufi."

Ta yi murmushi ta rubuta, sannan ta ce, "To Malam, yau ina ke maka ciwo?"

Ya ja kujera ya zauna, ya miƙe ƙafar hagu, ya ce, "Kina da lokaci?" Ya fara daga gwiwa. Ya koma idon sawu, ya hau ƙugu, ya faɗi haƙarƙarin da aka karya masa a Benin, ya faɗi kafaɗar Albaniya wadda ko Rabi ba ta san da ita ba. Na bayanmu suka fara tsaki, wani dattijo ya ce ai ba shi kaɗai ne marar lafiya ba. Na juya na ce, "Baba, ku yi mana haƙuri. Yau ya fara zuwa asibiti."